Fim ɗin da ya faɗi a sinima, ya tashi a talabijin

Mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wani tsohon fim na Amurka da ake haskawa duk lokacin Kirsimeti, wato It's a Wonderful Life, wanda ma'anar sunansa ke nuna cewa rayuwa abar godiya ce. An fitar da shi a 1946, ba shi da launi, kuma manyan jarumansa duk sun riga mu gidan gaskiya. Me ya sa har yau iyalai ke taruwa su kalle shi suna share hawaye?

Asalinsa gajeren labari ne da wani marubuci mai suna Philip Van Doren Stern ya rubuta. Da ya rasa mai buga masa, sai ya buga kwafi 200 da kuɗinsa, ya raba wa 'yan uwa da abokan arziki a matsayin gaisuwar Kirsimeti ta 1943. Ɗaya ya faɗa hannun mutanen kamfanin RKO, suka sayi labarin kan dala 10,000, daga baya suka sayar wa darakta Frank Capra.

Capra ya shafe shekarun Yaƙin Duniya na Biyu yana shirya wa sojojin Amurka finafinan wayar da kai. James Stewart, wanda ya fito a matsayin George Bailey, shi kuwa matuƙin jirgin yaƙi ne da ya kai hare-hare a sararin samaniyar Turai. Wannan ne fim na farko da kowannensu ya yi bayan dawowa gida, kuma in muka lura da fuskar Stewart a wurin da yake addu'a cikin kuka, za mu ga mutumin da ya san damuwa.

Labarin mai sauƙi ne. George ya taso a ƙaramin garin Bedford Falls da burin zagaya duniya, amma duk sanda ya ɗaura niyyar tafiya sai wani nauyi ya faɗo masa. Mahaifinsa ya rasu ya bar ƙaramin kamfanin da ke ba talakawa rancen gina gida, ga kuma attajirin garin, Potter, yana jiran ya haɗiye shi. Ranar auren George da Mary mutane suka yi cincirindo suna neman kuɗinsu saboda tsoron durƙushewar bankuna, amarya ta fito da dala 2,000 na tafiyar angwanci aka raba musu. Bayan shekaru, ana gobe Kirsimeti, kawunsa Billy ya ɓatar da dala 8,000 na kamfani. George ya hango gidan yari, ya tafi kan gada da nufin halaka kansa. Nan labarin ya kawo wani mala'ika mai suna Clarence, ya nuna masa yadda garin zai kasance da ba a haife shi ba: ƙanensa da ya ceto daga ruwan ƙanƙara ya mutu tun yana yaro, sojojin da ƙanen ya ceta a yaƙi su ma sun halaka, garin kuma ya zama mallakar Potter har da sunansa.

Da aka fara haska shi a New York ranar 20 ga Disamba, 1946, bai yi kasuwa yadda aka zata ba. An kashe masa sama da dala miliyan 3, kuma abin da ya shigo bai fitar da masu shi daga asara ba. An tsayar da shi takarar lambar Oscar a rukuni biyar, bai ci ko ɗaya ba. The Best Years of Our Lives, mai labarin sojoji da suka dawo daga yaƙi, shi ya kwashe manyan lambobin. Ƙari a kan haka, a 1947 wata takardar hukumar FBI ta zargi fim ɗin da ɓata sunan masu banki, wai dabarar 'yan gurguzu ce. Haka ya yi shekaru kusan talatin ba a cika tunawa da shi ba.

Abin da ya tashe shi sakaci ne. A dokar Amurka ta wancan zamani, haƙƙin mallaka na ƙarewa bayan shekara 28 sai an sabunta. A 1974 ba a sabunta nasa ba, sai gidajen talabijin suka samu fim ɗin Kirsimeti kusan a ɓagas, suka yi ta maimaita shi kowace Disamba. Yara suka taso da shi, suka girma, suka nuna wa nasu 'ya'yan. A 1990 aka sanya shi cikin kundin finafinan da Amurka ke adanawa saboda muhimmancinsu. A 1993 kamfanin Republic Pictures ya dawo da ikonsa ta hanyar haƙƙin ainihin labarin da na kiɗan ciki, daga 1994 kuma tashar NBC ta karɓi haska shi. A 2006 Cibiyar Finafinai ta Amurka ta sa shi na ɗaya a jerin finafinai masu ƙarfafa zuciya.

Sai dai maimaitawa kaɗai ba ta isa bayani ba, don finafinai da dama sun faɗa hannun jama'a kamar haka, ba wanda ya waiwaye su. A ganinmu sirrinsa shi ne bai yi wa mai kallo ƙarya ba. Akasarin fim ɗin ɗaci ne: bashi, burin da ya mutu, magidanci da ya dawo gida ya huce haushinsa kan matarsa da 'ya'yansa. Saboda haka lokacin da maƙwabta suka cika falonsa kowa da ɗan abin da ya samu, mun riga mun san abin da ya yi wa kowannensu. Alheri danƙo ne, in ji Hausawa, kuma a nan mun ga inda ya manne.

Masu suka suna da hujja, kuma bai kamata mu share ta ba. Potter ne ya tsinci kuɗin ya ɓoye, har fim ya ƙare ba a hukunta shi ba. George bai taɓa barin garinsu ba. Wasu na ganin an shafa wa zalunci zuma ne, an ce wa talaka ya yi haƙuri. Mu dai muna ganin wannan giɓin na cikin abin da ya sa ya daɗe, domin haka duniya take: azzalumi kan kwana da dukiyarsa, abin da ke hannun sauran jama'a shi ne su riƙe juna.

Mai bikin Kirsimeti da wanda ba ya yi, duk mun san irin George. Shi ne babban wa da ya bar karatu ya riƙe shagon uba don ƙannensa su yi makaranta, ko uwar adashi da ke cika gurbin wadda ta gaza daga aljihunta ba tare da kowa ya ji ba. Irinsu kan kai shekara hamsin suna ganin ba su tsinana komai ba. George sai da aka nuna masa duniyar da babu shi kafin ya gane matsayinsa. Namu ba su da mai nuna musu sai mu, don haka wanda ke da irin wannan mutum a gidansu, ya kira shi a makon nan ya lissafa masa abin da ya yi.