Tawayen Matan Abeokuta da Darasin da ke Cikinsa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. A duk lokacin da aka tada zancen haƙƙin mata a ajinmu ko a ɗakunan kwananmu, ba a rasa wanda zai ce ai wannan baƙuwar aƙida ce da ta zo daga Turai. Abin da ya faru a birnin Abeokuta tsakanin 1946 da 1949 ya isa ya sa mu sake auna wannan magana, domin matan da suka tilasta wa Sarkin Egba sauka daga gadon sarauta akasarinsu 'yan kasuwa ne da ba su taɓa zama a ajin boko ba.

Tushen rikicin haraji ne. A shekarar 1918 Turawan mulkin mallaka suka ɗora haraji a ƙasar Egba, kuma suka haɗa da mata, tun daga yarinya 'yar shekara 15. Sarkin, wanda ake kira Alake, shi ne En'e shi kaɗai, watau a hannunsa ikon ƙasa yake a ƙarƙashin Turawa, alhali mata, da suke biya kamar kowa, ba su da ko kujera ɗaya a majalisarsa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sai abin ya ƙara tsanani. Gwamnati ta ƙayyade farashin abinci, ma'aikata suka riƙa ƙwace shinkafar 'yan kasuwa, masu karɓar haraji kuma suna cin mutuncin matan da suka kasa biya.

A cikin wannan hali ne Funmilayo Ransome-Kuti ta fito. An haife ta a 1900, ta yi karatu a Ingila, kuma tana shugabantar wani kulob na matan da suka yi boko. Da kulob ɗin ya buɗe ajin yaƙi da jahilci ga matan kasuwa, sai ɗaliban suka riƙa zuwa da koke-kokensu tare da allunansu. A 1946 aka mayar da shi Ƙungiyar Matan Abeokuta, ƙofarta a buɗe ga Kirista da Musulma da mai addinin gargajiya. Ita kanta Funmilayo ta ajiye tufafin Turawa ta koma ga zane da ɗankwali, ta kuma riƙa yi wa jami'an Turawa magana da Yarbanci, don matan da ke bayanta su ji abin da ake faɗa da sunansu.

Dabarun ƙungiyar sun haɗa na zamani da na gargajiya. Sun rubuta takardun koke, sun aika wa jaridu wasiƙu, sun ɗauki akanta ya binciki kuɗin En'e, wasunsu kuma sun ƙi biyan haraji aka ɗaure su. Da aka hana su izinin zanga-zanga, sai suka riƙa kiran taronsu biki. A ƙarshen watan Nuwamba na 1947 dubban mata suka yi zaman dirshan a ƙofar fadar Alake Ademola na Biyu, suka kwana suna yi masa waƙoƙin zambo, suka kuma maimaita a watan Disamba. Daga ƙarshe aka janye harajin mata, aka ba mata huɗu kujeru a majalisar wucin gadi, Alake kuma ya yi murabus a watan Janairu na 1949. Gaskiya ne ya dawo kan gadonsa a 1950, amma tsarin da ya ba shi iko shi kaɗai bai dawo tare da shi ba.

Wannan labari bai tsaya a ƙasar Yarbawa ba. A Zariya, Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya, ta kuma yi tattaki har Abeokuta don ganawa da Funmilayo. Ta dawo ta ci gaba da yaƙi da auren wuri da aikin tilas, tana neman a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da ya jawo mata ɗauri sau da yawa da dukan 'yan banga. Matan Kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959, na Arewa kuwa sai a 1976 aka ba su wannan dama, suka shiga babban zaɓen ƙasa a 1979.

Bayan samun ƙuri'a, muhawarar ta koma kan wata tambaya: da sunan me mace za ta nemi haƙƙinta? Ƙungiyar WIN, wadda ta samo asali daga wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello a 1982, ta ɗauki matsalar mata a matsayin zalunci iri biyu, na jinsi da na talauci. FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, ta zaɓi ta nemi ilimi da gado da mutuncin mace daga cikin koyarwar Musulunci. Ɓangarorin biyu sun sha yi wa juna kallon hadarin kaji. Sai dai matan Abeokuta sun riga sun nuna cewa ana iya tafiya tare ba tare da an warware wannan saɓani ba. Abin da ya haɗa su shi ne buƙata guda da kowacce ta fahimta: wanda aka karɓi kuɗinsa, a ji ta bakinsa.

Wannan buƙata ba ta gama biya ba. A watan Maris na 2022 Majalisar Ƙasa ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da na ware masu kujeru, mata kuma suka yi kwanaki suna zaune a ƙofar majalisar a Abuja, kamar yadda kakanninsu suka zauna a ƙofar Alake. A zaɓen 2023 matan da suka shiga Majalisar Dattawa ba su kai biyar ba cikin sanatoci 109.

Mu da muke karatun Hausa a nesa da gida, muna cuɗanya da jikokin waɗancan mata a aji da kasuwa. Ya kamata mu san tarihinsu kamar yadda Gambo Sawaba ta nemi saninsa, mu kuma tambayi iyayenmu mata abin da suka gani da idonsu a zamanin NEPU, mu rubuta shi tun masu ba da labarin suna raye.