Daga takardar haraji ta kakanninmu zuwa 31 ga Maris

Jama'a, duk wanda ya tashi a Yankara ko Faskari ya taɓa jin tsofaffi suna cewa "shekarar da haraji ya kore ni". Ba wasa suke ba.

Tun kafin Turawa akwai kuɗin ƙasa, akwai jangali a kan shanu, har marina suna biyan kuɗin karofi. Da Lugga ya ci ƙasar, sai aka dunƙule su, ban da jangali, aka ɗora wa kowane baligi nasa, kuma da tsabar kuɗi. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) aka kafa Baitulmali, kuɗi na tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa birni.

To wa'adin fa? Ba kalanda ake dubawa ba, kaka ake jira. Da an girbe dawa an tsinci auduga, sai ka ji sallamar mai unguwa. Kowa na neman kuɗi lokaci guda, hatsi ya faɗi warwas, magidanci ya sayar da abin da zai ci da bazara, ya dawo ya saye shi da tsada. Audugar da ake kai wa injin gurza na Funtuwa, rabin dalilin nomanta ke nan. Wanda ya gaza kuwa, a shanya shi a rana a ƙofar dagaci, ko ya sulale cin rani. Ita kuma takardar shaidar biya, tamkar katin ɗan ƙasa ce, a aljihu take kwana.

Wannan wulaƙanci ne NEPU ta Malam Aminu Kano ta riƙe ta yi yaƙi da shi. Da PRP ta ci zaɓe a 1979, Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna (lokacin muna cikinta, sai 1987 aka ba mu Katsina), Abubakar Rimi ya yi haka a Kano. Daga nan da yawanmu muka ɗauka zancen haraji ya mutu.

Bai mutu ba, riga ya sake. Dokokin da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun fara aiki 1 ga Janairun 2026. Naira 800,000 ta farko a shekara ba a cire mata ko kwabo. Amma biya daban, kai bayanin abin da ka samu daban: mai ma'aikata zuwa 31 ga Janairu, ɗaiɗaikun mutane zuwa 31 ga Maris, a hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Ka yi sake, tarar naira 100,000 ce watan farko, 50,000 kowane wata bayansa. Kuma yanzu ba mai unguwar da zai zo ya tuna maka.

Na san abin da za ku rubuta a ƙasa: manomin da 'yan bindiga suka yanka wa kuɗi kafin ya shiga gonarsa a Sabuwa ko Ƙanƙara, da wane ido gwamnati za ta tambaye shi? Wallahi ni ma haushin nake ji. Sai dai tarar ba ta san haushi ba. Mai shago, dillalin hatsi, ma'aikacin da ke da sana'ar gefe: ku leƙa ofishin kafin Maris ya ƙare, ku karɓi shaida a rubuce, ku adana ta yadda kakanninmu suka adana tasu.