Kogin Jakara: Hanyarsa da Sunayen da Ya Bari

Gabatarwa

Idan ana lissafa kogunan ƙasar Kano, akan fara da Kogin Kano da Chalawa, sannan Watari da Gari da Tomas. Jakara kan zo a ƙarshe saboda ƙanƙantarsa, ga shi kuma da yawa daga matasan yau sun ɗauke shi babbar kwata ce kawai. Manufata a wannan maƙala ita ce in bi wannan kogi daga cikin birni zuwa karkara, in nuna cewa sunayen da ke gefensa shaida ce ta yadda ƙasar take kafin a sauya mata kama.

Hanyar Kogin

Jakara yana tasowa ne daga kwarin da ke cikin ganuwar Kano, inda ruwan da ke gangarowa daga wajen Dala da Goron Dutse yake taruwa. Daga nan sai ya ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi, ya fita daga ganuwa ta wajen Fagge, ya nufi arewa maso gabas. A kan hanya yana karɓar ruwan Kwarin Gogau, sannan can gaba ya haɗu da rafin Getsi, wanda ke kwaso ruwa daga yankin masana'antu na Bompai. Bayan haka sai ya shiga karkara sosai, ya bi ta ƙasar Ungogo har zuwa Wasai a Ƙaramar Hukumar Minjibir, inda aka datse shi.

Kogi ne na damina. A asalinsa yakan cika daga watan Yuni zuwa Satumba, da rani kuma ya koma tafkuna da kududdufai. Akwai kuma wata halitta ta ƙasa da ta shafe shi. Birnin Kano yana zaune a kan tsohon dutse mai riƙe ruwa a sama, amma gabas da arewa ƙasar takan koma rairayi mai zurfi irin na kwarin Tafkin Chadi. Shi ya sa idan Jakara ya yi nisa sai hanyarsa ta dushe, yawancin ruwansa ya nutse cikin yashi. Haka maƙwabtansa Tomas da Gari suke yi.

Kurmin Baƙin Ruwa

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, ya ambaci Jakara tun a labarin Barbushe, kafin zuwan Bagauda. Ya nuna cewa wurin kurmi ne mai duhu wanda ya kewaye ruwa, ana kiransa Kurmin Baƙin Ruwa saboda baƙin ruwansa, kuma a nan mutanen wancan zamani suke yanka baƙaƙen dabbobi idan suna tsoron wata masifa. A ganina, duhun itatuwa da ganyen da ke ruɓewa a ruwan da ba ya gudu su ne suka ba shi wannan launi.

A nan ina jan hankalin ɗalibai ga wani abu. H. R. Palmer ya buga fassarar littafin da Ingilishi a shekarar 1908, lokacin da rubutun boko bai sami haruffa masu ƙugiya ba. Saboda haka a tsofaffin takardu ba a bambanta "baƙin ruwa", wato launi, da "bakin ruwa", wato gaɓa. Ga shi kuma akwai unguwa a Ƙaramar Hukumar Dala da ake rubuta sunanta Bakin Ruwa. A shekarun da na yi ina aikin gwamnati na sha ganin yadda ƙugiya ɗaya da aka manta a takarda take sauya ma'anar sunan wuri. Wajibi ne mai bincike ya ji suna daga bakin dattawan wurin kafin ya yanke hukunci a kansa.

Kurmin ya daɗe da ɓacewa, amma sunansa yana nan a Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa a gefen ruwan. Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824, da Barth da ya zo a 1851, duka sun ba da labarin wata babbar fadama da ta kusa raba birnin biyu, kasuwa tana gefenta. Wanda ya tsaya a wurin yau ba zai ga kurmi ko fadama ba.

Sunayen Karkara

A wajen birni ma sunaye suna bayyana ƙasa. Inda Getsi ya haɗu da Jakara ana kiran wurin Magami, wato mahaɗa. Madatsar da aka kammala a 1976, cikin jerin madatsun da aka tsara tun zamanin Gwamna Audu Bako (1967-1975), tana da suna biyu: a takardu akan ce madatsar Jakara, mutane kuma su ce dam ɗin Wasai, da sunan garin da ke bakinta. Wannan tsohuwar al'ada ce ta Bahaushe, kowane gari yakan kira ruwa da sunan inda ya san shi.

Rayuwar dubban mutane tana rataye da wannan ruwa. Masu lambu a Kwakwaci da ƙauyukan da ke ƙasa suna noman latas da kabeji da alayyafo da albasa, masunta kuma suna kamun kifi a Wasai. Sai dai ruwan da ke isa gare su da rani yawancinsa na kwatocin birni ne da mahauta da majemu, kuma binciken masana a jami'o'inmu ya sha nuna guba a cikinsa. Ruwan ya sake zama baƙi, amma da wani dalili daban da na zamanin Barbushe.

Kammalawa

A wa'adi na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso (2011-2015) aka fara aikin rufe kogin a cikin birni da shimfiɗa titi a kansa, wanda jama'a suka laƙaba wa suna Wuju-Wuju. Yaron da ya taso a gefen wannan titi zai iya girma bai san akwai kogi a ƙarƙashinsa ba. Don haka ina ba da shawara a bi Jakara daga tushensa har bayan Wasai, a rubuta sunan kowane kwari da mashaya da fadama da cikakkun haruffan Hausa, tare da bayanin dattawan kowane wuri, tun suna raye.