Mura ko alaji: Yadda ake bambance su a lokacin hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan lulluɓe birnin Sakkwato da ƙurar da take kwasowa daga hamadar Sahara, musamman kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi.

A wannan lokaci atishawa da yoyon hanci kan yawaita, kuma jama'a kan kira su duka da suna mura. Sai dai likitoci na bambanta mura da alaji, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Mece ce mura?

Ƙwayoyin cuta na bairos ne ke haddasa ta, kuma akwai ire-irensu fiye da 200. Ana ɗaukarta daga wani ta hanyar tari, atishawa ko musabaha.

Takan zo da ciwon maƙogwaro da kasala, majina ta yi kauri bayan 'yan kwanaki, sannan ta wuce da kanta cikin kwana 7 zuwa 10.

Mene ne alaji?

Bori ne da garkuwar jiki ke yi wa abin da ba ya cutar da sauran mutane, kamar ƙurar ɗaki, garin furen ciyawa, gashin kyanwa ko kyankyaso. Ƙurar hunturu da hayaƙin turaren wuta kan ƙara tsananta shi.

Alamunsa su ne ƙaiƙayin ido da hanci, atishawa a jejjere, da majina tsararo kamar ruwa. Ba ya kawo zazzaɓi, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma yakan yi makonni muddin mutum na shaƙar abin da ke tayar da shi.

Magani

Magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya, irin su amoxicillin, ba sa maganin ko ɗaya daga cikin biyun, kuma shansu barkatai na rage ƙarfinsu a ranar da ake buƙatarsu.

Mai mura na buƙatar hutu da yawan shan ruwa. Mai alaji kuwa, rufe hanci da takunkumi ko rawani da yayyafa ruwa kafin shara na taimaka masa, tare da magunguna irin su cetirizine ko loratadine. Piriton na sa gyangyaɗi, abin da ke da haɗari ga direbobi da 'yan kabu-kabu.

Yaushe ake zuwa asibiti?

Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya alamun sanƙarau ne, cutar da ta yi ɓarna a jihohin Sakkwato da Zamfara a 2017. Haka kuma numfashi mai fito da ƙuncin ƙirji na iya nuna asma.

Duk wanda ya ga waɗannan alamu, ya garzaya asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.