Daga Gimi Zuwa Wusasa: Labarin Mutanen Da Suka Nemi Ikkilisiya Har Suka Samu



Da yawa daga cikinmu ba mu zaune a garin da aka haife mu. Wani aiki ya kai shi wani wuri, wata aure, wani makaranta, wani kuwa tashin hankali ne ya raba shi da gida. Idan Lahadi ta fari ta zo a sabon gari, sai tambaya ta taso: ina za mu yi sujada? Waɗansu sukan yi ta zagaya, yau wannan majami'a, gobe waccan, har shekara ta ƙare babu inda aka san sunansu. Waɗansu kuma sukan zauna a gida, su ce wa'azin rediyo ya ishe su. Saboda haka muna so mu waiwaya baya, mu dubi labarin waɗansu Hausawa da suka yi kusan shekara 50 suna neman jama'ar da za su yi sujada tare da ita, da yadda suka zauna bayan sun samu.

Wajen shekarun 1860, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi, an yi wani malami a birnin Kano mai suna Malam Ibrahim. Cikin karatunsa ya lura da irin girman da aka ba Annabi Isa, sai zuciyarsa ta kamu da neman ƙarin sani a kansa, ya kuma fara koya wa almajiransa abin da ya fahimta. Hukuma ta nemi ya janye koyarwarsa, ya ƙi, aka kuwa kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa suka watse, waɗansu suka nufi ƙasar Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zariya. Mutane suka riƙa kiransu Isawa, ko kuwa Bani Isra'ila.

Mutanen nan ba su da Littafi Mai Tsarki, ba su da mai bishara, ba su da majami'a. Abin da suke da shi kaɗai shi ne sunan Isa, da wata magana da suka ce malaminsu ya bar musu, cewa wata rana Allah zai bayyana musu sauran gaskiyar. Iyaye suka faɗa wa 'ya'ya, 'ya'ya suka riƙe, tsofaffi da yawa suka mutu ba su ga ranar ba.

Ana cikin wannan jira, a shekara ta 1900, Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya iso Kano tare da abokan tafiya huɗu, cikinsu har da wani matashin likita daga Ingila mai suna Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka koma Girku a kudancin Zariya. A 1905 Likita Miller ya sami izinin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Shekara da shekaru yana aiki, masu ba da gaskiya kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai.

A shekara ta 1913 sai ga waɗansu mutum biyu daga cikin Isawa sun zo gidansa a Zariya, domin sun ji labari akwai wani Bature mai koyarwa game da Isa. Mu lura da abin da ya kawo su. Ba su ga wani babban gini ba, gama babu shi a lokacin. Tambaya suka kawo game da Isa, suka zauna suka saurari amsa daga cikin Maganar Allah, sa'an nan suka koma suka shaida wa danginsu. Bayan haka aka riƙa kai musu ziyara a ƙauyukansu ana koya musu, har waɗansu suka karɓi baftisma.

Da suka ba da gaskiya, sai wata bukata ta taso. A warwatse suke, gida ɗaya a wannan ƙauye, gida biyu a wancan, babu yadda za su taru su yi sujada ko su koya wa yaransu karatu. Sai aka samo musu fili a Gimi, a ƙasar Zazzau, iyalai suka kwashe kayansu suka taru a can, har suka kai wajen mutum 120. Wanda ya zauna tare da su shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan. Suka share daji, suka gina ɗakuna, da ɗakin sujada, da makaranta. Suka yi noma, har da na rake, Thompson kuma ya koya musu matse rake da dafa mazarƙwaila, sana'ar da ta bazu daga baya a wannan yanki. Ashe zaman ikkilisiyarsu bai tsaya ga ranar Lahadi ba. Tare suke gona, tare suke addu'a, tare suke karatu.

Amma gwaji mai tsanani ya zo. Akwai ƙudan tsando a kurmin da ke kusa da su, ciwon barci ya shiga garin. A lokacin kuwa magani mai ƙarfi bai samu ba. Manya da yara suka yi ta mutuwa, har yawancin jama'ar suka ƙare. Wajen shekara ta 1920 aka ga babu dama a ci gaba da zama, sai waɗanda suka ragu, da marayu da gwauraye, suka koma Zariya wurin 'yan'uwa masu bi. Mu yi tunani, 'yan'uwa. Mutane sun jira shekaru masu yawa, sun sami abin da suke nema, sun bar gonakin iyayensu dominsa, sa'an nan kaburbura suka fi gidaje yawa. Da sauƙi mutum ya ce wannan hanya ba ta karɓe shi ba, ya juya. Duk da haka ragowar nan suka tsaya cikin bangaskiya, domin sun riga sun zama dangin juna cikin Almasihu, akwai kuwa jama'ar da ta buɗe musu ƙofa.

A shekara ta 1929 aka sāke yin ƙaura. Mishan ya tashi daga cikin birnin Zariya ya koma Wusasa, bayan ganuwa, a gindin dutse, ƙarƙashin jagorancin Rabaran Guy Bullen. A nan aka gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da jar ƙasa, bisa fasalin ginin Hausa, da bakan gizo irin na zauren sarakai, domin Bahaushe ya shiga ya ji yana gida. Aka kafa asibiti da makaranta. A 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Likita Miller ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da waɗansu ma'aikata. Abin da Malam Ibrahim ya yi marmarin sani, sai ga shi jikokin almajiransa suna karantawa cikin harshensu.

Waɗanda aka karɓa su ma suka zama masu karɓar baƙi. Wusasa ta tara Hausawa, da Fulani, da mutanen Filato, da waɗansu kabilu. Cikin waɗanda suka zo akwai mai bishara Yohanna Gowon, mutumin Angas daga wajen Pankshin, wanda ɗansa Yakubu ya girma a nan, ya kuma shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Daga wannan jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na fari a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, zuriyar Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A 1997 Wusasa ta zama mazaunin bishop. Ba domin mu yi fahariya da manyan mutane muka ambaci waɗannan ba. Muna so mu ga abin da Allah ya fitar daga ragowar da ciwo ya bari, saboda sun yarda su zauna wuri ɗaya su ɗauki nawayar juna.

To, kai ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke neman ikkilisiya a sabon gari, me labarin nan yake faɗa maka? Ka yi tambayar da Isawa suka yi: ana koyar da Yesu Almasihu a nan bisa ga Maganar Allah? Girman gini, da daɗin kiɗa, da yawan motocin da ke ƙofa ba su amsa wannan tambaya. Ka ba kanka 'yan makonni ka saurara, ka yi addu'a. In ka sami inda ake wa'azin gaskiya, ka daina zagaya. Ka je wurin fasto ko dattawa ka gabatar da kanka, ka kawo takardar shaida daga ikkilisiyarka ta dā. Ka shiga zumuntar mata, ko ta maza, ko ta matasa, ko ƙungiyar mawaƙa. In an yi rasuwa ka je gaisuwa, in an yi haihuwa ka je barka, in ana aikin gayya ka kawo hannunka. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Za ka tarar da kasawa a wurin mutane, gama babu ikkilisiyar da ba ta da ita a duniyan nan, amma wanda ya tsaya lokacin wahala shi ne yakan sami dangi.

Mu kuma da muka daɗe a ikkilisiyarmu, akwai namu rabon aikin. Ayyukan Manzanni sura 9 ta nuna mana cewa lokacin da Shawulu ya zo Urushalima yana so ya shiga cikin almajirai, tsoronsa suka ji, sai da Barnaba ya kama shi ya kai shi wurin manzanni. Kowane baƙo yana bukatar Barnaba. Tafin da muke yi masa sa'ad da ya miƙe a lokacin sanarwa bai isa ba. Mu tambayi sunansa, mu san unguwarsa, mu taka mu je gidansa cikin makon, mu kira shi cin abinci, mu ba shi aiki a gidan Ubangiji ko da kabilarsa da harshensa dabam ne da namu. Da a ce an sallami mutum biyun nan daga bakin ƙofa a 1913, da labarin da muka bayar yau bai kasance ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, muna gode maka domin bayinka da suka neme ka cikin haƙuri, suka kuma tsaya tare cikin wahala. Ka bi da dukan 'ya'yanka da ke baƙunci a yau zuwa inda za a ciyar da su da Maganarka. Ka ba mu zuciyar karɓar baƙi kamar yadda ka karɓe mu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.