Kotizon: Tarihin Maganin da ke Kwantar da Kumburi



A shekarar 1929 wani likita mai suna Philip Hench, na asibitin Mayo a Amurka, ya lura da wani abin mamaki. Mai fama da amosanin gaɓɓai, idan ciwon shawara ya kama shi, sai gaɓɓansa su saki. Daga baya ya ga haka ga mata masu juna biyu. Sai ya ƙudurta cewa lalle jiki da kansa yana da wani sinadari mai kwantar da kumburi. Ya shafe kusan shekara ashirin yana nemansa.

Ashe sinadarin yana cikin wani ɗan ƙullutu da ke bisa kowace ƙoda. Edward Kendall a Mayo, da Tadeus Reichstein a Suwizalan, su ne suka tace shi daga na shanu, ɗan mitsitsi daga tarin nama. Ran 21 ga Satumba 1948 aka yi wa wata mata 'yar shekara 29, wadda ciwon ya kwantar, allurarsa. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana takawa. Aka raɗa masa suna kotizon, kuma a 1950 aka ba su ukun kyautar Nobel.

To, a nan ne nake son mu ɗan dakata. Kumburi ba cuta ba ne a kan kansa, yaƙi ne. Idan cuta ta shigo, fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun jiki, sukan aika wa juna saƙo, jijiyoyi su buɗe, wurin ya yi zafi ya tasa. A amosanin gaɓɓai kuwa, dakarun nan gidansu suke kai wa hari. Shi kotizon shiga yake yi har cikin cibiyar ƙwayar halitta, ya toshe umarnin da ke sa a aika saƙon nan. Dakaru sai su lafa. Amma fa bai san wane yaƙi ne na gaskiya ba, duka yake tsayarwa.

Ba a daɗe ba likitoci suka ga sakamakon haka. Wanda ya jima yana amfani da shi, fuskarsa takan cika ta yi zagaye, ƙashi ya yi rauni, sukari ya hau, tarin fuka da ya kwanta ya farka. In kuwa aka janye shi, amosanin ya dawo. Cikar fuskar nan ce wasu a garuruwanmu ke ɗauka ƙiba ce, har suna sayen ƙwayoyin danginsa don su yi jiki, alhali kuwa alamar illa ce.

Duk da haka ba a yar da shi ba, auna shi aka koya. A 2020, lokacin annobar korona, binciken da Jami'ar Oxford ta jagoranta a Ingila ya nuna cewa deksametazon, ɗan'uwan kotizon mai araha, ya rage mutuwa da kusan sulusi a cikin majinyatan da na'ura ke taya su numfashi, domin nasu dakarun ne ke ɓarna a huhu. Ga waɗanda ba su kai ga bukatar iskar taimako ba kuwa, bai amfane su da kome ba.