Waƙar wa ce? Daga taken ƴan dambe zuwa gaban alƙali

Sau da yawa in munka saka sabuwar waƙa a rediyo, sai a bugo mana waya: “Wannan ai kiɗan wane ne anka sata!” To, wa ke raba wannan gardama?

Mallakar kiɗa ba baƙon abu ba ne wurinmu. Tun zamanin kakanni kowane sarki da kowane ɗan dambe yana da takensa, kuma duk wanda ya ji waƙar Ɗan Anace ta Shago ya san mai ita. Kunnen jama'a shi ne shaida. Da kasat ya zo, waƙa ta fara tafiya inda mai ita bai taɓa zuwa ba, kuɗi sunka shiga ciki, kunne kaɗai ya daina isa.

A 1972 Manu Dibango na Kamaru ya fitar da “Soul Makossa”. A 1982 amshinta ya bayyana cikin wata waƙar Michael Jackson. Dibango ya yi ƙara, anka sasanta da biyan kuɗi.

A Amurka har sana'a anka yi ta wannan bincike. Masanin kiɗa yakan rubuta waƙoƙin biyu, ya jera karin murya da bugun kiɗa gefe da gefe, sannan ya duba ko abin da ake rigima kansa tsohon kayan kowa ne. A 2015, bayan irin wannan shaida, iyalan Marvin Gaye sunka ci shari'ar “Blurred Lines”, anka yanke diyyar sama da dala miliyan 5. Abin lura, takardar waƙar da aka ajiye a ofishin rajista ita alƙali ya ce a duba. A 2023 kuwa Ed Sheeran ya kuɓuta, don an ga jerin sautin da ya yi amfani da shi na kowa ne.

Mu nan Nijar muna da BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa. Matasanmu masu shiga situdiyo, kafin ku watsa waƙa a WhatsApp, ku yi mata rajista, ku adana faifan farko da ranarsa. In kun ari kiɗan wani makaɗi, ku nemi izini, ku faɗi sunansa. Ranar gardama, “kowa ya san tawa ce” ba ta wadatar da alƙali.

Allah ya ba mu alheri.